Kawu, Mutumin Hawa na Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Talata bayan sallar azahar, a ɗakinsa na unguwar Adjamé Liberté a Abidjan, kafin magariba kuma an kai shi makwancinsa a maƙabartar Williamsville. Jinyar ba ta kai mako biyu ba. Shi dama ba mutum ne mai son a wahala a kansa ba.

Kwana uku tsakar gidanmu ba masaka tsinke. 'Yan kasuwar Treichville sun tsallako gada da manyan rigunansu, masu yankan tikiti na tashar Adjamé sun zo da gumin aikinsu, maƙwabtanmu Baule suna riƙe hannun Inna, matar Kawu, suna ce mata yako, wato sannu da haƙuri, Julawa suna yi masa addu'a da yarensu. Ba wanda ya ɗaga murya. Sai dai an yi wani abu da ya ɗaure wa baƙi kai. Telan bakin layinmu ya zo gaisuwa, da ya tashi tafiya sai ya sa hannu a aljihu, ya ajiye ɗan ƙyallen atamfa a faifan goro da dabino, ƙyallen bai fi tsawon yatsa ba. Tanti mai aceke, wato dambun rogo, ta gani, ta koma gida ta dawo da nata. Kafin sadakar uku faifan ya cika da ƙyallaye, sai da aka nemo wa goron wani mazubi.

Ƙanin Kawu da ya iso daga Maraɗi ranar ukun ya ga faifan ya haɗe rai, ya ja Liman gefe yana tambaya ko wata sabuwar bidi'a ce mutanen Abidjan suka ƙirƙiro. Liman ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan ba ibada ba ce, tunawa ce kawai. Ya faɗa yana laluben aljihu, ya fito da nasa ƙyallen fari ya ɗora a kai.

Ni na san ma'anar ƙyallayen nan fiye da kowa a wurin, shi ya sa na kasa kallon faifan. Shekara bakwai da suka wuce ni ce na yanke irinsu da almakashi na watsar a kwata, kuma har aka ɗauki Kawu aka fita da shi ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Abin da ya hana ni sukuni ke nan, shi ne kuma ya sa ni wannan rubutu. Hausata ta Abidjan ce, Faransanci ya fi zama a bakina, wanda ya ji na karkace ya yi haƙuri.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ta rasu ina goye, mahaifina kuma yana can yana fatauci, sai Kawu da Inna suka ɗauke ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini, ko da kuwa zai yi mini faɗa ne. Aikinsa gyaran wayar tarho. Shekara talatin yana hawa sanda a Adjamé, siriri, da bel ɗin fata a ƙugu da kan tarho mai 'yan maƙalai biyu a rataye a wuya. Ba ya jingina tsani a bango sai ya yi sallama ya ce matan gida su kintsa, domin daga saman sanda ana ganin tsakar gidan mutane. In ya maƙala tarhonsa a waya ya ji ana magana, sai ya cire da sauri kamar ya taɓa garwashi, ya jira su gama. Abokan aikinsa sun san sirrin rabin unguwa. Shi kuwa abin da ya sani shi ne wayar wa ke tsatsa.

Yakan ce waya ba ta ƙarya, takarda ce ke yi. Ga dalilinsa. Wayar kowane gida tana fitowa ta hau sanda, daga sanda ta bi kebul zuwa wani babban akwatin ƙarfe a bakin titi, daga akwatin kuma kebul mai kauri ya nutse ƙarƙashin ƙasa har santiral, babban ginin da duk layuka ke haɗuwa. A takardar ofis kowace waya a akwatin tana da lamba. To, Adjamé ba ta zama wuri ɗaya. Gida ɗaya ya rabu uku, shago ya koma ɗakin haya, ruwan sama ya ci mahaɗa a sake ta da wata waya a manta ba a rubuta ba. Ana nan har lambar takarda ta daina sanin gidanta. Sai Kawu ya samo dabara: duk gidan da ya sa wa layi, sai ya roƙi ɗan ƙyalle daga tufafin mai gidan ko matarsa, ya ɗaura a jikin wayarsu a cikin akwatin. In ka buɗe akwatin layinmu a wancan zamani sai ka ce rumfar mai atamfa ce. Ja mai tsuntsaye na Tanti ne, kore na Tela, fari na masallaci. Bai taɓa ruɗewa ba.

Ni kuwa Allah ya ba ni kan karatu da kuma baki. Na karanta aikin sadarwar kwamfuta, a nan aka koya mana wani tsari da duk duniya ke bi wajen fahimtar yadda saƙo ke tafiya, an zana shi kamar bene mai hawa bakwai. Hawa na ɗaya wayar kanta da wutar da ke bin ta. Na biyu yadda na'urori biyu maƙwabta ke miƙa wa juna ƙunshin saƙo. Na uku adireshi da zaɓen hanya, na huɗu tabbatar da saƙon ya isa bai zube ba, haka har na bakwai, wato abin da mutum ke gani da idonsa a fuskar kwamfuta. Na haddace shi kamar Fatiha. Wata la'asar na shimfiɗa zanen a tabarmar Kawu ina yi masa bayani, ina jin kaina kamar ni na gina benen.

Ya saurara tsaf, ya sa tabarau, sai ya fara tambaya. Sandar ƙofar gidan Tela tana hawa na nawa? Na ce na ɗaya. Akwatin bakin titi fa? Na ɗaya. Kebul ɗin ƙarƙashin ƙasa, da mahaɗar da ruwa ke ci kowace damina, da ɓeran da ke gwiguyar roba? Na ce duk na ɗaya ne.

Ya cire tabarau ya ce, "Ikon Allah. Ashe shekara talatin ina hawa sanda ban bar ƙasa ba."

Inna ta yi dariya har tana riƙe ciki, ni ma na yi. Amma a raina na ɗauki maganar da gaske, na ajiye ta, kuma ta tsiro inda bai kamata ba.

Bayan Kawu ya ajiye aiki aka fara shigo da intanet ta wayar tarho. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai karɓar kwangila, aka damƙa mini unguwarmu: a cire tsohon allon da ya yi tsatsa a akwatin bakin titi, a sa sabo, a mayar da kowace waya mazauninta bisa lamba, domin kowace lamba tana da ƙofarta a sabuwar na'urar santiral. Aikina na farko ke nan a matsayin shef, wato shugabar aiki, maza huɗu a ƙarƙashina, duk sun girme ni, duk suna jiran su ga inda zan faɗi. Da na buɗe akwatin suka ga ƙyallaye, ɗaya ya ce da Faransanci ashe boka ne ke riƙe da layin unguwar. Kunya ta kama ni, kunyar kuma ta juye fushi.

Kawu yana zaune a bencin ƙofar Tela tare da dattawa. Ya taso a hankali ya ce mini in ba shi kwana uku, mu bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ni da shi, in rubuta lambar gaskiya a kan kowace, sannan in yanke abin da zan yanke. Na ce ƙyalle yana riƙe laima, laima na kawo tsatsa, kuma wannan gaskiya ne. Na ce ina da takarda daga ofis, ba ni da kwana uku. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma ni ba a banza ake ce mini mai baki ba. A gaban ma'aikatana, a gaban dattawan benci, na ce, "Kawu, duk abin da ka sani bai wuce hawa na ɗaya ba. Ka bar mana aikinmu."

Ya dube ni, bai ɓata fuska ba. Ya ce, "Haka ne, Uwata. Sai dai a kansa sauran suke zaune." Ya koma bencinsa.

Na ari almakashin Tela, kai jama'a, almakashin Tela da kansa, na bi ƙyallayen ina datsewa ina jefawa a kwata. Ban ma tsaya duba launinsu ba. Da yamma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ya kwashe su.

Washegari unguwa ta hargitse. Tarhon Tanti mai aceke ya koma na wani ofishin tikiti a tasha, tun safe ake tambayarta ƙarfe nawa motar Yamai za ta tashi, har ta gaji ta fara ba su lokaci daga kanta. Layin masallaci ya faɗa shagon aski. Mutane suka yi ta dariya, ni ina ta duba takarda ina cewa ai lissafin daidai ne. Na koma kan na'ura na bi hawa-hawa kamar yadda aka koya mana, na uku lafiya, na biyu lafiya, na ɗaya ma fitila kore ce, wuta na tafiya. Tabbas tana tafiya, amma gidan wani take zuwa, kuma babu wani hawa a cikin bakwai ɗin nan da aka ba aikin sanin ko wane ne ke zaune a ƙarshen waya.

Dariyar ta ƙare a kwana na huɗu. Mahaifiyar Tela ta rasu a wani ƙauye kusa da Damagaram, lambar shagonsa kaɗai 'yan'uwansa suka sani. Kwana uku suna kira, tarho na ƙara a wani ɗakin ajiyar kaya da ba kowa a ciki. Sai wani direba ne ya kawo masa labari da baki. Na wuce ta ƙofar Tela na ga keken ɗinkin a rufe da zane, shi yana zaune yana kallon tarhon da ba ya ƙara.

Na shiga gida na tarar da Kawu yana yanke farce. Kalmar neman yafiya tana bakina, wallahi tana bakina. Abin da ya fito shi ne, ana bukatar taimako a akwatin. Bai tambaye ni wa ke bukata ba. Ya ajiye reza, ya zura takalmi, ya ce Inna ta miƙo masa tsohon tarhonsa daga saman sif.

Kwana tara muka yi. Shi a gidajen mutane yana sallama yana maƙala tarho, ni a bakin akwati ina jiran muryarsa ta fito a wata waya in rubuta. Gwiwarsa ta riga ta fara ciwo, amma bai yarda mu shiga mota ba, wai waya ba ta bin titi, ta bayan gidaje take bi. Da ƙafa na ga abin da zanena ya taƙaita da layi ɗaya: wayar da ta ratsa ta rufin gidan burodi, wadda matan wani gida suka mai da igiyar shanya, mahaɗar da ke cikin gwangwanin madara tun kafin a haife ni. Kowane gida ya ba da sabon ƙyalle. Tela, da ya dawo daga gaisuwar mahaifiyarsa, shi ya zauna ya daddatse su daidai ya kalmashe bakinsu don kada su zare. Muka ɗaura su can ƙasa a jikin roba, nesa da jan ƙarfen, kusa da kowane kuma na liƙa lamba. A cikin kwanakin nan ne ma rigar aikina mai ruwan lemo ta dawo daga wanki an yage mata gefe, na tsaya a ƙofar gida na wanke mai wankin tas, yana rantsuwa ba shi ba ne. Ku dai ku riƙe wannan.

Da muka gama da wayoyi Kawu ya ce saura nasa karatun. Ya sa na kwantar da benena a ƙasa, wato in zana titinmu daga gida zuwa santiral, in nuna masa a ina kowane hawa yake faruwa. A nan na fara kame-kame. Daga kwamfuta zuwa modam, ɗan akwatin da ake ajiyewa a gida, hawa na biyu ne. Modam ya yayyanka saƙon ya sake ƙunshe shi ya tura santiral, wannan ma na biyu, wasu malamai ma cewa suke biyu da rabi. A cikin ƙunshin kuma akwai wani ƙunshin mai ɗauke da sunanka da lambar sirrinka zuwa wata na'ura can cikin gari, shi ma na biyu. Kawu ya ƙirga da yatsu, ya ce gidan da ake hawa bene na biyu sau uku, a binciki magininsa. Ya yi ta dariya har da tari. Sannan ya ce zanen ba ƙarya ba ne, jerin ayyuka ne, ya faɗi abin da dole a yi amma bai faɗi wa zai yi ba, ko a wace kwana. Malamaina sun shekara uku suna neman su faɗa mini haka ban ji ba.

Daga nan ya rungumi benen fiye da ni. In wani ya zo da ƙorafi wai intanet ɗin shagonsa ta tsaya, sai Kawu ya ɗaga tarho ya saurara, in ya ji layin garau sai ya ce wannan ba nasa ba ne, na hawa na uku ne, a kira Uwata. Yana faɗa yana wani ɗaga kai, ka ce shi ya haifi hawa na ukun. Ni kuma in na ga modam na ƙiftawa duk sanda hadari ya haɗu, na san ba na'ura ba ce, sai in zo in durƙusa in tambaye shi wace mahaɗa ce ke shan ruwa. Muka zauna lafiya shekara bakwai. Maganar bakin akwati kuwa ba wanda ya sake tayar da ita. Sau da yawa ina kai masa shayi in yi niyya, sai in ga yana murmushi, in ce bari dai sai wani lokaci. Lokacin da gari ya rikice muka yi makonni a kulle a gida tare, ga dama har dama, ban yi ba. Girman kai ne, ba wani abu ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun watse da hantsi, na tarar da Inna a ɗaki tana jera ƙyallayen faifan nan a kan gado. Na zauna a ƙasa na faɗa mata duka, ina kuka kamar yarinya. Ta bar ni na gama. Sai ta ce akwai abin da Kawu ya hana ta faɗa mini, amma yanzu hanin ya faɗi. A cikin ƙyallayen da na yanke akwai wani shuɗi na saƙi, a jikin wayar gidanmu. Guntun majanyin da mahaifiyata ta goya ni da shi ne, shi kaɗai ya rage na kayanta, sauran an rabar tun da daɗewa. Ranar da na watsar da su, da ruwa ya tsuge, Kawu ya naɗe wando ya bi kwatar nan da sanda har bakin babban titi, bai dawo ba sai da aka kira magariba, jiƙe sharkaf, hannu wofi.

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na ce to ya yi fushi ke nan, ya tafi da shi a ransa. Inna ta ce ita ma abin da ta tambaye shi ke nan a ranar, tana miƙa masa busasshiyar riga. Ta ce ga amsar da ya ba ta, ba ta ƙara ba ta rage ba: "Na ɗaura shi ne don kada in manta layin wa nake riƙo. Yau ga mai layin ta girma, ta tsaya a gabana da almakashi tana ba maza umarni. Ta yi kuskure, za ta gyara. Wane fushi kuma?"

Na tambaye ta to me ya ɗaura a madadinsa, don ni a iya sanina lamba kawai na liƙa wa wayar gidanmu. Inna ta ce ai ina da makullin akwatin.

Na fita ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Akwatin yana nan a bakin titi, fenti ya kwaile, an lulluɓe shi da takardun talla. Rabin wayoyin ciki sun mutu, mutane sun koma wayar hannu. Na bi lambobi da yatsa har na iso tamu. Can ƙasa, a bayan sauran, inda ba mai gani sai wanda ya durƙusa, ga ɗan ƙyalle ruwan lemo an ɗaure shi da irin ƙullin Kawu, sau biyu sannan a soke. Gefen rigar aikina ne.

Na durƙusa a nan, motocin haya na gbaka na wucewa, yaran mota na kiran Treichville, na ce da ƙarfi yadda zai ji da yana ɗaya ƙarshen wayar, "Kawu, ka yafe mini." Wata mai tallan lemo ta tsaya tana kallona, ta ce yako, ta wuce.

Na rufe akwatin na bar ƙyallen a inda yake. Daga nan ban koma gida ba, na tafi neman mai wankin nan, don shi yana da rai, kuma na koyi kada in jira.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa yadda ya riƙa sada mutane da 'yan'uwansu shi ma a sada shi da rahama. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ba mu bar wata kalma maƙale a baki ba.